Babi na Bakwai: Kafin Ka Yarda a Yi Formate

A shekarar 2011 gwamnatin Nijar ta yanke Belbeji daga Tanut ta mayar da ita gunduma, da ƙaramar hukuma guda ɗaya, wato Tarka. Gunduma kuwa ba ta zuwa sai da ofisoshi, ofisoshi ba sa zama sai da takardu: sunayen ɗalibai da makin jarrabawa, takardun haihuwa, lissafin rigakafin yara da na dabbobi, rahoton damina, kasafin ƙungiyoyin manoma da makiyaya. A yau yawancin wannan aiki a kan laftof ake yin sa, kuma da yawa daga cikinsu na hannu ne. Irin su HP EliteBook 8470p, Dell Latitude E6430 da ThinkPad T430 duk ƴan wajajen 2012 ne. Sun ƙare aikinsu a ofisoshin Turai da Amurka, suka biyo jirgin ruwa zuwa Kwatano, Lome ko Legas, suka ratsa ta Titin Beirut na Kano ko shagunan Maradi da Damagaram, kafin su iso Damargu, yankin da Belbeji take, cikin jakar malamin makaranta ko ma'aikacin lafiya.

Injuna ne masu ƙarko. Abin da ya fi tayar wa masu su da hankali shi ne sabuntawar Windows, wadda aka fi sani da mizajur. Mutum ya gama aiki zai kashe, sai allo ya koma shuɗi, ɗige-ɗige suna zagayawa, ana gargaɗinsa kada ya kashe. Lissafi ya kai 30 cikin ɗari ya tsaya cik. Bayan awa guda kwamfutar ta sake tashi, ta rubuta «Annulation des modifications», ta koma inda ta fito. Gobe ma haka. Da an kai wa mai gyara, sau da yawa amsa ɗaya ce: sai an yi formate. A goge komai, a zuba sabon Windows, aikin shekaru ya tafi, bayan wata biyu kuma ciwon ya dawo, domin ba a taɓa tushensa ba.

Waɗanda suka tsara sabuntawar nan sun tsara ta ne da zaton wuta ba ta ɗaukewa, intanet ba ya ƙarewa, ɗaki kuma da sanyi. A Belbeji babu ɗaya daga cikin ukun nan da ke da tabbas. Shi ya sa mafi yawan abin da ake ɗauka mutuwar kwamfuta ce, a gaskiya matsalar agogo ce, ko ta wuri, ko wuta, ko zafi, ko layi. Wanda ya bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, da wuya ya kai ga formate.

Me ya sa ba za a rufe sabuntawar a huta ba?

Masu sayar da na hannu da dama suna kashe sabuntawa gaba ɗaya kafin su miƙa wa mai saye, don kada ya dawo musu da ƙorafi. Tsoron nasu yana da dalili. A Oktoban 2018 Microsoft ta fitar da sigar Windows 10 mai lamba 1809, ta share wa wasu mutane takardunsu, har kamfanin ya janye ta cikin ƴan kwanaki, bai sake fitar da ita ba sai a Nuwamba.

Amma rufewa ta fi haɗari. A watan Mayun 2017 ƙwayar WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa. Asibitocin Ingila sun soke ganin marasa lafiya saboda ita. Microsoft kuwa ta riga ta fitar da maganin wannan ɓaraka tun watan Maris. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda maganin bai kai gare su ba. A nan gida, kile guda ɗaya, wato filash, tana shiga kwamfuta goma a rana tsakanin makaranta, ofishin magajin gari da shagon buga takardu, kuma kowa ya san ƙwayar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi na bogi a madadinsu. Akwai kuma batun aiki: manhajar DHIS2 da ake tura rahoton lafiya da ita ta cikin burauza ake buɗe ta, kuma burauzar Chrome ta daina sabuntuwa a kan Windows 7 tun farkon 2023, ta tsaya a siga ta 109. Kwamfutar da aka daina sabuntawa a hankali shafuka ke rufe mata ƙofa.

Yana da kyau a san abin da ke faruwa a ciki. Microsoft tana fitar da gyare-gyarenta ran Talata ta biyu a kowane wata. Kwamfuta tana sauke su, ta tantance sa-hannun da ke kansu, ta warware su a kan diski, sannan idan ta sake tashi ta cire tsofaffin fayilolin tsarin ta sa sababbi. Wannan mataki na ƙarshe kamar canza azarar ɗaki ne: muddin an yaye tsohon rufi ba a kammala sabo ba, ɗakin a buɗe yake, duk abin da ya katse aikin a lokacin ɓarna zai yi. Saboda haka kafin ka taɓa komai, kwafe takardunka a kile ko a diski na waje. Wannan shi ne aiki na farko, ba shi da madadi.

Agogo

Dubi kusurwar allo ta ƙasa. Idan kwanan wata yana nuna 2012 ko wata shekara da ta wuce, ga mai laifin nan. Shafukan Microsoft suna gabatar da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kwamfutar da agogonta ya ɓace kuwa tana ganin shaidar ba ta inganta ba, sai ta ƙi karɓar komai. Lambar kuskuren da ta fi fitowa a nan ita ce 0x80072F8F. Gyara rana da lokaci, ka zaɓi yankin lokaci na Afirka ta Tsakiya ta Yamma, wanda ke gaba da GMT da awa ɗaya, ka sake gwadawa.

Idan kullum ka kunna sai ka tarar agogon ya koma baya, ɗan batirin da ke riƙe da shi ne ya mutu. Yana cikin injin, faɗinsa kamar kwabo, mai ƙarfin bolt 3. A wasu laftof CR2032 ne tsirara a cikin gurbinsa, a wasu kuma an naɗe shi da baƙar roba ko rawaya, da ƴan wayoyi biyu, ja da baƙa. Bayan shekara goma ba abin mamaki ba ne ya ƙare. Canza shi aikin mintuna ne ga mai gyara, kuma yana cikin kayan gyara mafi araha.

Wuri

Sabuntawa tana bukatar fili ta warware kayanta. Idan diskin C ya yi ja, lambar da za ka gani ita ce 0x80070070. Don babban sauyi daga siga zuwa siga, ka bar aƙalla giga 20 fanko. Buɗe «Nettoyage de disque», ka danna «Nettoyer les fichiers système», ka zaɓi ragowar tsofaffin sabuntawa da fayilolin wucin gadi. Sau da yawa giga masu yawa ke fitowa daga nan kaɗai. Bidiyoyin biki, finafinai da karatuttukan da aka tara a kan tebur a mayar da su diskin D ko na waje. Kada dai ka shiga jakar Windows kana gogewa da hannu don ka ga sunan da ba ka gane ba.

Wuta da zafi

Batirin laftof na hannu sau da yawa minti goma yake riƙewa, wani ma ko ɗaya. Irin wannan injin da an ɗauke wuta yake mutuwa nan take, kuma idan hakan ya faru a tsakiyar sauya fayiloli, shi ne ake samun kwamfutar da ba ta tashi. Ƙarancin wuta ba baƙo ba ne a jihar Damagaram. Ko manyan biranen ƙasa sun ɗanɗana shi sosai lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar lantarki a Agustan 2023, ba ta maido ba sai Maris na 2024. Don haka kada ka danna «Redémarrer» sai kana da tabbacin wutar awa biyu zuwa uku: batirin sola da ya wuni yana caji, ko janareta mai isasshen mai. Idan ba ka da wannan tabbaci yau, Windows 10 tana ba ka damar dakatar da sabuntawa har kwana 35. Yi amfani da ita, ka zaɓi ranarka da kanka.

Zafi shi ne ɗan'uwan wannan matsala. A watannin Afrilu da Mayu zafin Damargu yana haura digiri 40 a inuwa, sabuntawa kuma tana sa ƙwaƙwalwar injin aiki ba hutawa. Idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ci tura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Ka tsaya kusa da mai gyara ranar da zai buɗe laftof ɗin da ta yi hunturu uku ba a share ta ba. Da ya ɗaga murfin ƙasa ya kwance fanka, za ka ga tsakanin fankar da haƙoran jan ƙarfen da iska ke bi ƙura ta dunƙule da zare da gashi ta zama tabarma mai kauri, ana ɗago ta da ɗan hantsaki gaba ɗayanta. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe, yana zuba gari-gari. A share, a goge, a ɗiga sabon mai kaɗan, sai ka ji ƙarar fankar ta kwanta. Kafin ka samu yin haka, yi sabuntawa da dare ko da asuba, a kan tebur ko faranti mai tauri, an ɗan tokare bayanta iska na shiga. Katifa, tabarma da cinya duk toshe mata numfashi suke yi.

Layi

Mafi yawan masu laftof a nan daga waya suke jawo intanet, ta layin Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, gwargwadon wanda ya fi kamawa a unguwa. Sabuntawar wata-wata tana cin ɗaruruwan mega, cikakken Windows 10 kuwa ya haura giga 5. Idan forfe, wato intanet ɗin da aka saya, ya ƙare a tsakiya ko layi ya yanke, wani lokaci ana barin guntun fayil da ya lalace, kwamfuta ta yi ta tuntuɓe a kansa.

Abu biyu za ka yi. Na farko, shiga saitin Wi-Fi ɗin wayarka a kwamfutar ka kunna «Définir comme connexion limitée». Daga nan Windows ba za ta riƙa kwashe maka forfe a ɓoye ba, sai abin da ya zama dole. Na biyu, ka sani ba lallai ne kowace kwamfuta ta sauke nata da kanta ba. Akwai shafin Microsoft Update Catalog, inda ake rubuta lambar sabuntawa, wadda ke farawa da KB, a sauke ta fayil guda. Wanda zai je Damagaram ko wani wuri mai layi mai ƙarfi ya sauko da ita a kile, kwamfuta goma masu siga iri ɗaya su sha daga gare ta. A dai tace kilen da maganin ƙwayoyi kafin a zagaya da ita.

Idan ɓarnar a ciki take

Agogo daidai, wuri ya wadata, wuta da layi lafiya, amma har yanzu sabuntawar tana ƙi? Fara duba ko mai sayarwa ne ya kashe ta. Rubuta services.msc, ka nemo Windows Update a jerin, idan ka ga «Désactivé» ka mayar da shi «Manuel». Sannan ka gwada mai binciken matsala da ke cikin «Résolution des problèmes».

In bai yi ba, sai a zubar da guntayen da suka lalace. Buɗe «Invite de commandes» a matsayin mai iko da injin. Rubuta net stop wuauserv, sannan net stop bits. Shiga jakar Windows a diskin C, ka canza wa jakar SoftwareDistribution suna, misali ka ƙara mata .old a ƙarshe. Sake kunna kwamfutar. Za ta ƙirƙiri sabuwar jaka ta fara saukewa daga farko, kuma takardunka ba abin da zai same su. Wannan yakan magance lamba 0x80070002.

Lambobi irin 0x80073712 da 0x800F081F suna nuna cewa fayilolin Windows kanta ne suka samu rauni, galibi sakamakon ɗaukewar wuta a baya. A baƙin allon «Invite de commandes» rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, da intanet a haɗe, domin daga can zai ɗebo lafiyayyun fayiloli. Yakan daɗe a tsaye a wuri guda kamar ya maƙale, ka ƙyale shi. Idan ya gama, rubuta sfc /scannow. Lamba 0xC1900101 kuma tana nuni ga direba, wato ƴan manhajojin da ke sarrafa sassan injin. Cire firinta, modem, kile da duk abin da ke maƙale, ka cire maganin ƙwayoyi na wani kamfani da wa'adinsa ya ƙare, ka sake gwadawa.

Kasa kunne kuma ga diskin. Tsohon diski faifai ne da ke juyawa sau dubbai a minti, da allura a kansa, kuma girgizar babur a kan hanyoyin yashi na Tarka ba ta yi masa daɗi. Idan kana jin ƙas-ƙas, ko buɗe jaka yana ɗaukar minti, ba umarnin da zai warkar da shi. Kwashe kayanka yau, ka sa SSD a madadinsa. Ba shi da abin da ke motsi a ciki, kuma babu gyaran da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamarsa. Idan an haɗa da ƙarin ram daga giga 4 zuwa 8, sabuntawar da ke cin dare guda takan koma ƙasa da awa.

Gyara ba tare da gogewa ba

Akwai laftof da suka tsaya a tsohuwar siga, kamar 1809 ko 1909, shekaru suka wuce su. Rubuta winver ka ga taka. Sigar ƙarshe ta Windows 10 ita ce 22H2, kuma hanya mafi tabbas ta isa gare ta ita ce a samo cikakken Windows ɗin a kile mai giga 8. A nan ne ake kuskure: kada a tayar da kwamfutar daga kilen, wannan hanyar formate ce. A bar Windows a kunne, a buɗe kilen, a danna setup, a zaɓi «Conserver les fichiers personnels et les applications». Za ta zuba sabon tsari a kan tsohon, takardu da manhajoji suna nan. Sharaɗin shi ne harshen ya zo ɗaya. Laftof ɗin da ta zo da Windows na Turanci ko Jamusanci ba za ta ba ka wannan zaɓi ba idan kilen na Faransanci ne. Bayan an gama, kana da kwana 10 da za ka iya komawa tsohuwar siga idan wani abu ya ƙi.

Idan kuma ta ƙi tashi sam bayan sabuntawa, har yanzu da sauran dabara. Kunna ta, da tambarin Windows ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Maimaita haka, a karo na uku za ta buɗe allon gyara. Shiga «Options avancées», ka zaɓi «Désinstaller des mises à jour», ka cire ta ƙarshe. Ko wannan ya gagara, fayilolinka suna nan a kan diski, ana iya zare shi a haɗa da wata kwamfuta a kwashe su. Duk mai gyaran da ya ce zai goge kafin ya kwashe, karɓi kayanka ka nemi wani.

Inda hanyar ta ƙare

Akwai kuma matsalar da ba gyara ke warware ta ba. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ran 14 ga Janairun 2020, da Windows 8.1 ran 10 ga Janairun 2023, da Windows 10 ran 14 ga Oktoban 2025. Ta buɗe wa ɗaiɗaikun mutane shirin ƙarin shekara guda na gyaran tsaro, har 13 ga Oktoban 2026, ga mai siga 22H2 da asusun Microsoft, a kan dalar Amurka 30 ko kyauta ga wanda ya yarda ya ajiye saitinsa a rumbun kamfanin. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, tana neman guntun tsaro TPM 2.0 da ƙwaƙwalwar Intel ta zuriya ta 8 zuwa sama, wato ta 2017 zuwa gaba. Laftof ɗin 2012 zuriya ta 3 ce. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta a ƙarshen 2023 cewa kimanin kwamfuta miliyan 240 wannan sharaɗi zai iya mayarwa shara. Da yawansu kasuwanninmu za su nufo, da fenti mai ƙyalli da farashi mai jan hankali. Mai saye ya dubi lambar ƙwaƙwalwa: i5-8250U zuriya ta 8 ce, i5-3320M ta 3 ce, duk da dukansu i5 ake kiransu.

Masu gyara suna iya tilasta Windows 11 a kan tsohon inji da manhajar Rufus, kuma sau da yawa tana aiki. Sai dai Microsoft ta faɗa a fili cewa ba ta lamunce wa irin wannan inji sabuntawa ba, don haka mai shi ya san abin da ya ɗauka. Hanyar da na fi ba da shawara ga wanda aikinsa rubutu, lissafi da intanet ne ita ce Linux. Ubuntu, wani nau'in Linux wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya assasa a 2004, tana ba manyan sigoginta kulawar shekara biyar kyauta. Linux Mint 22, wadda aka gina a kanta, tana da kulawa har 2029, tana da Faransanci, fuskarta ta yi kama da ta Windows 7, kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ana iya gwada ta daga kile ba tare da an taɓa diski ba, a ga ko Wi-Fi da firinta suna aiki. Wanda dole sai da wata manhaja ta Windows yake aiki, ya riƙe Windows 10 ɗinsa, ya rage shiga intanet da ita, ya riƙa kwafe aikinsa kowane mako.

Nauyi mafi girma yana kan shugabannin makarantu, cibiyoyin lafiya da ofisoshi. Su rubuta jerin kwamfutocin da ke hannunsu, da sigar kowace da zuriyarta. Su ware diski guda na ajiya, su sa ranar share ƙura bayan kowane hunturu, su ɗora wa mutum ɗaya alhakin sauko da sabuntawa duk lokacin da aka je birni. Masu gyara kuma su mayar da kwashe fayiloli sharaɗin farko na sana'arsu, su caji kuɗinsa a fili. Laftof ɗin 2012 da aka sa wa SSD, aka share, aka ɗora mata tsarin da har yanzu ake kula da shi, za ta iya ƙara shekaru tana aiki a Belbeji, kuma kuɗin da aka kashe mata ba zai kai na sayen wata ba. A babi na gaba za mu ɗauki girka Linux Mint mataki-mataki, tun daga shirya kile har zuwa haɗa firinta.